Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin firamarenmu: da gaske yana ɗaukar buhu 40?

ManominFadama:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a teburin mai shayinmu tun ranar Talata, na ce bari in kawo ta gaban masana. Da hantsi wani jirgin sojoji mai saukar ungulu ya sauka a filin ƙwallon firamaren garinmu, nan yankin Haɗeja. Ba irin 'yan ƙananan da 'yan siyasa ke zuwa kamfe da su ba ne. Wannan gabjeje ne, cikinsa kamar bas, tagoginsa zagayayyu kamar bakin tukunya, tayoyi gaba da baya, gefe da gefe kuma ga wasu tankuna kamar an ɗaura masa ganguna. Da ya kashe inji na ƙirga fikafikan farfelar sama, biyar ne. Wani yaronmu da ke karatu a Kano ya ce ƙirar Rasha ce, kuma zai tashi da buhun masara 40. Mai shayi ya ce in haka ta tabbata zai ba majalisa shayi da burodi kyauta. Tambaya ta biyu ita ta fi damuna: in yana da wannan ƙarfin, me ya hana a kwashe mutane da irinsa lokacin ambaliyar 2022?

Admin_Zaure:
Wa alaikumus salam. A tattauna, amma don Allah kada kowa ya faɗi sunan garin ko inda jirgin ya dosa. Harkar tsaro ce.

MalaminFiramare:
Malam Manomi, yadda ka siffanta shi, da wuya in ba Mi-17 ba ne, ko ƙaninsa Mi-171. Fikafikai biyar, tagogi zagayayyu, tankunan mai a waje: kamanninsa ke nan. Tushensa Mi-8 ne na Tarayyar Sobiyet, wanda ofishin injiniya Mikhail Mil ya zana a Mosko. Na gwajin farko ya tashi a 1961 da inji ɗaya, a 1962 aka tashi mai inji biyu, sojoji suka fara aiki da shi a 1967. Daga baya aka sa masa injuna masu ƙarfi, Rashawa suka kira shi Mi-8MT a gida, wanda ake sayar wa ƙasashen waje kuma aka ce masa Mi-17. Har yau ana ƙera shi a biranen Kazan da Ulan-Ude na Rasha, an yi fiye da 12,000. Batun kaya, abin da aka rubuta masa kilo 4,000 ne a ciki. In buhunku mai kilo 100 ne, lissafin yaron ya fita. Mai shayi ya ɗora tukunya.

MaiShayinGari:
Ni ne mai shayin da ake magana. Malam, da girmanka, amma “abin da aka rubuta” daban, abin da ido ya gani daban. A jikin Kanta ma an rubuta tan uku. Ni sai na ga wanda ya hau.

TsohonKofur:
To ga wanda ya hau. Na shiga irinsa ba sau ɗaya ba sau biyu ba lokacin da aka kai mu aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur. Na Majalisar Ɗinkin Duniya ne, farin fenti, matuƙan kuma Turawa masu jin Rashanci. Su uku ne a gaba: matuƙa biyu, sai injiniya a tsakiyarsu kan 'yar kujera mai naɗewa a bakin ƙofa. Mu kuma kan benci jikin bango, gwiwa na gogar gwiwa, kaya a tsakiya an ɗaure da raga. Wani lokaci akwai ƙarin tankin mai a ciki, kana zaune kana shaƙar warinsa har kai ya yi ciwo. Ƙara kuwa, ko a kunnenka mutum ya yi ihu sai dai ka ga bakinsa na motsi. Bayansa ƙofofi biyu ne masu buɗewa kamar an fasa ƙwarya, ta nan ake tura manyan kaya.

Amma mai shayi bai faɗi ƙasa warwas ba. Kafin mu shiga sai an ɗora kowa a sikeli da jakarsa da bindigarsa. Da sassafe su ɗebi mutum 20 da wani abu. In rana ta take, wannan injiniyan zai duba takardarsa ya nuna mutum biyar ko shida da yatsa, ya yi musu alamar su sauka. Ba ya jin roƙo. Akwai ranar da aka sauke buhunan shinkafarmu a kan idonmu, muka kwana biyu muna cin biskit.

MaiShayinGari:
Allah ya ƙara wa Baba Kofur lafiya! Kun ji ko? A rufe batun burodi.

BakanikenWudil:
Tsaya tukuna mai shayi. Abin da Baba ya faɗa dalilinsa zafi ne. Farfelar nan iska take dannawa ƙasa, shi ne jirgin ke ɗagawa. In iska ta yi zafi sai ta yi sakayau, ba nauyi, farfela ta rasa abin kamawa, injin ma ya rasa isasshiyar iskar shaƙa. Haka in wurin tudu ne sosai. Duka nauyin da aka yarda ya tashi da shi kilo 13,000 ne, a ciki har da jikinsa da mai da mutane. Ka cika tanki, ka rage kaya. Ka cika kaya, ka rage mai, tafiyarka ta gajarta. To da sanyin asuba a watan Janairu, in tafiyar ba nisa, zai ɗau buhu 40 ɗin. A watan Afrilu da azahar a Haɗeja, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa, kada ma a fara.

'YarGidanLiman:
Kawu Manomi, ka ba da labarin jirgi ka manta da mu da muke jikin filin. Ina tsakar gida na shanya barkono a tabarma uku, na Inna har da kuɓewa busasshiya. Na fara jin ƙarar daga nesa kamar ana sussuka, kafin in ankara gari ya yi duhu da ƙura. Zanan ɗakin girki ya tashi sama kamar faifai, kwanon wanki ya bi iska yana ƙara, kaji suka watse har yau ɗaya ba ta dawo ba. Barkonon nan kuwa duk ya shiga iska, unguwa gaba ɗaya aka kama atishawa, tsofaffi na hawaye suna salati. Yara ko a jikinsu, sun tafi kallo. Ku kuna lissafin buhu 40, ni tiya 6 nake nema. Wa zai biya ni?

SarkinZolaya:
Ashe har barkonon tsohuwa jirgin ya raba kyauta. Allah ya mayar da alheri, ƙanwata.

DirebanGujungu:
Wallahi ƙurar nan ba abin dariya ba ce. Ita ta kusa halaka Osinbajo a Kabba ta jihar Kogi a watan Fabrairun 2019, yana mataimakin shugaban ƙasa. Jirginsu na sauka a fili ƙura ta turnuƙe, matuƙi ya daina ganin ƙasa, jirgi ya kife a gefe. Allah ya yi da sauran kwana, kowa ya fita. Shi ya sa in manya za su zo ƙauye ake turo tankar ruwa ta jiƙa filin tukuna.

BakanikenWudil:
Haka ne, sai dai na Kabba ƙirar Italiya ne, ba wannan ba. Shi na Rasha, in kun lura da hotunansa, a bakin injunan nan biyu da ke saman kan matuƙa akwai wasu murafai masu kama da ƙoƙo. Aikinsu tace yashi kafin ya shiga inji. Yana cikin abin da ya sa ƙasashen sahara ke son sa. Amma murfin inji yake karewa, ba ya buɗe wa matuƙi ido.

Abban_Khalifa:
Ni dai ban yarda da kayan Rasha ba. Ba shi ne ya kashe shugaban Iran ba? Da Black Hawk na Amurka aka saya da an huta.

MalaminFiramare:
A'a ɗan'uwa, gyara. Wanda ya faɗi da Ebrahim Raisi a watan Mayun 2024 Bell 212 ne, ƙirar Amurka. Wataƙila kana nufin babban hafsan tsaron Indiya, Janar Bipin Rawat, wanda ya rasu a Disambar 2021 cikin Mi-17 a tsaunukan Tamil Nadu, da jirgin ya shiga gajimare. Ka ga ke nan dutse da hazo ba sa tambayar ƙasar da ta ƙera jirgi. Mu ma a nan, wanda ya faɗi da gwamna Patrick Yakowa da Janar Azazi a Bayelsa a Disambar 2012 ƙirar kamfanin Agusta ne na Italiya.

Black Hawk jirgi ne mai kyau, ba musu. Kamfanin Sikorsky ya yi shi, ya fara tashi a 1974, ya shiga aiki a 1979. Ya fi na Rasha gudu, amma sojoji 11 yake ɗauka da kayansu, shi kuwa wannan 24 ne, sababbin samfurin har 36. Kuma shi ma ana harbo shi: biyu aka kakkaɓo a Mogadishu a Oktoban 1993 da roka ta kafaɗa. Wani abin dariya, shi kansa Igor Sikorsky a Kiev aka haife shi zamanin daular Rasha, daga baya ya yi ƙaura zuwa Amurka.

Abban_Khalifa:
Na karɓi gyara kan Iran. Amma har yanzu in aka ce in zaɓa, na Amurka zan hau.

TsohonKofur:
Yaro, soja ba ya zaɓen jirgi, wanda ya zo shi ne naka. Kuma su Amurkawan da kake yabo, da za su shiga Afganistan a Satumbar 2001, tawagar farko ta CIA, hukumar leƙen asirinsu, cikin Mi-17 ta shiga. Bayan nan da kuɗinsu suka sayo wa sojin Afganistan gommansa daga Rasha, domin shi matuƙan can suka sani, shi kanikawansu suka iya kwancewa, kuma yana jure tsaunukansu. Mu a bariki jaki muke ɗaukarsa. Ba wanda ke yi wa jaki kwalliyar sallah, amma ranar kasuwa shi ake nema.

DalibarKimiyya:
Baba Kofur, ina da tambaya. 'Yar ƙaramar farfelar da ke wutsiya mene ne amfaninta? Kuma in inji ya mutu a sama, faɗowa yake kamar dutse?

BakanikenWudil:
Bari in ɗauke wa Baba wannan. Ke 'yar bakin kogi ce ko? Ki tsaya cikin kwalekwale ki ɗaga doguwar gora sama da kanki ki juya ta da ƙarfi. Gora ta yi dama, kwalekwale ya yi hagu. Haka jikin jirgin ke son juyawa kishiyar farfelar sama, ta wutsiya ce ke riƙe shi, da ita kuma matuƙi ke juya hancin jirgi da ƙafafunsa. In ta lalace jirgi ya dinga katantanwa ke nan. A nan ma ake bambance su: tsohon Mi-8 farfelar wutsiyarsa a dama take, Mi-17 a hagu. Malam Manomi, in akwai wanda ya ɗau bidiyo ka duba mana.

Batun mutuwar inji: guda biyu ne, in ɗaya ya tsaya ɗayan na iya riƙe shi ya nemi wurin sauka. In duka suka tsaya, farfelar na sakin kanta daga inji, iskar da ke tasowa daga ƙasa yayin da jirgi ke gangarowa ita ke ci gaba da juya ta, kamar farfelar kara da yara ke gudu da ita. Gab da ƙasa matuƙi ya yi amfani da wannan juyin ya rage faɗuwa. Ana koyar da su haka. Sai dai dama ɗaya ce tak, ba a maimaitawa.

Ardo_Maigatari:
Mu abin da ya haɗa mu da jiragen nan firgita shanu. Bara mai feshin tsuntsayen jan-baki ya bi ta kan fadama ƙasa-ƙasa, garke ya watse, sai magariba muka gama tattarawa. Shi ma irin wannan ne?

Manga_Birniwa:
Ardo, shanun ne suka watse ko mai shanun? An ce an ga hularka a kan ƙaya.

Ardo_Maigatari:
Bawana, kai da ko jirgin leda ka gani sai ka shige rumbu.

DirebanGujungu:
Na feshin tsuntsu ƙanana ne Ardo, wannan ya fi ƙarfin aikin. Amma an taɓa sa shi zuba abu daga sama. Da tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a 1986, jirage masu saukar ungulu ne suka riƙa zuba yashi da dalma a kan wurin, har da Mi-8. Ɗaya ma farfelarsa ta taɓa igiyar ƙugiyar ɗaga kaya a Oktoban shekarar, ya faɗo, mutum huɗu suka mutu.

ManominFadama:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma kun bi buhu da barkono kun bar mini tambayata ta biyu. A 2022 ruwa ya raba mu da titi sama da wata guda. Ringim, Auyo, Kafin Hausa, Guri, Kirikasamma, duk wanda ke can ya san abin da aka gani. Da idona na ga an ɗora mai naƙuda a kan ƙyauren ɗaki, maza huɗu suka ɗauke ta a ka, ruwa iya ƙirji, har inda kwalekwale yake. Ranar Talata da na ga wannan jirgin zaune a filinmu, ita na tuna. An ce yana cin gadon marasa lafiya 12. To?

MalaminFiramare:
Tambayar tana da nauyi Malam. Ga lissafi dai: gari mai mutum 3,000, in ana ɗaukar 30 a sawu, sawu 100 ke nan, gari ɗaya. Garuruwa nawa ruwa ya ci a shekarar? Kuma yana buƙatar busasshen wuri mai tauri, domin tan 13 a kan taɓo nutsewa zai yi. In ya tsaya a sama ya sauko da igiya, ɗaya-ɗaya ko bibbiyu zai ja. Ga iskar da 'YarGidanLiman ta ba da labari: katangar ƙasa da ta sha ruwa kwana 10, ko kwalekwale cike da mata da yara, in ya tsaya a kansu ɓarna zai ƙara.

Hajiya_Ungozoma:
Malam, ban yarda da kai duka ba. Ba wanda ya ce a kwashe gari. Ni aikina karɓar haihuwa, na san mata nawa ne cikin ɗari ke shiga haɗari: kaɗan ne, amma su ne ke mutuwa in hanya ta yanke. Mai jijjiga, mai zubar jini, yaron da maciji ya sara. Waɗannan sawu ɗaya ya ishe su. Ya kawo magani da gidan sauro da abinci, ya koma da marasa lafiya. A Mozambik a ambaliyar 2000 jiragen sojin Afirka ta Kudu dubban mutane suka tsamo daga kan bishiyoyi da rufin gidaje, har da matar da ta haihu a kan bishiya, duniya duk ta gani. Su ba iska jiragensu ke yi ba?

MalaminFiramare:
Hajiya kin kama ni. A kan masu larura ba ni da ta cewa.

TsohonKofur:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ku san wani abu. In ka ji an ce ƙasa na da jirgi goma, ba goma ke tashi ba. Wasu na jiran kayan gyara, wasu an kwance su ana dubawa, domin kowane ƙarfe a jikinsa da awanninsa, in sun cika sai an canza ko da lafiyarsa ƙalau. 'Yan kaɗan da suka rage kuma ana jan su ta ko'ina: Borno, Zamfara, Katsina, Neja. Ku tuna na watan Agustan 2023, Mi-171 na sojin sama da ya ɗauko waɗanda aka raunata daga Zungeru zai kai Kaduna, ya faɗi a yankin Shiroro. Aikin da Malam Manomi ke nema wa mai naƙuda, shi suke yi ranar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

BakanikenWudil:
Amin. Ga kuma tsadar ci. Ba fetur yake sha ba, kananzir ne na jirgi, kuma a awa ɗaya yana kusa da ganga huɗu. Gudunsa bai wuce kilomita 250 a awa ba, in ba ƙarin tanki kuma tafiyarsa 500 da wani abu ce. Kayan gyaran ma sun shiga rikici: shekara da shekaru injunansa a Zaporizhzhia ta Yukren ake ƙera su, jikinsa a Rasha. Yanzu masu jiki da masu inji na yaƙi da juna, ga takunkumi a kan Rasha. Mai irin wannan jirgin a Afirka yana tsaka mai wuya.

DirebanGujungu:
Yaƙin da ya tsauwala mana kuɗin taki a 2022 ashe har jirgi ya taɓa.

Abban_Khalifa:
Kun dawo maganata ke nan. Da na Amurka ne ba wannan matsalar.

SarkinZolaya:
Abban Khalifa, su kuma sai majalisarsu ta zauna ta yarda kafin su sayar maka da ko kusa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hajiya_Ungozoma:
Ni ban damu da na wace ƙasa ba ne. Ko jihohi uku su haɗa kuɗi su yi hayar ɗaya na watanni biyun damina, a ajiye shi a filin jirgin Dutse. In kuma ya yi tsada, a sayi kwalekwale masu inji a ajiye a garuruwan bakin kogi tun kafin Agusta, ba sai ruwa ya zo a fara taro ba.

MaiShayinGari:
Duk na ji. Yanzu a yanke mini hukunci: buhu 40 ɗin nan, e ko a'a?

BakanikenWudil:
Da asuba e, da azahar a'a.

MaiShayinGari:
To jirgin da hantsi ya zo. Rabin kofi kowa, ba burodi.

ManominFadama:
Bakanike, na samo bidiyon a wayar ɗan maƙwabcina, mun kalla sau biyar. Ni na ce farfelar wutsiya a hagu take, shi ya ce a dama, sai muka gane ta gaban jirgin ya tsaya ya ɗauka. Hagun wa ake nufi, namu ko na matuƙi? Rabin bidiyon ma ƙura ce da muryar wani yana atishawa.

'YarGidanLiman:
Baffa Liman ne mai atishawar. Kazar ta dawo ɗazu da yamma, saura barkono.